Uwar da Na Ƙaga Don Jarrabawar Turanci

Karo na farko da na zauna jarrabawar Turanci ta masu neman aikin jinya a Ingila, ɓangaren magana ne ya kayar da ni. Sauraro da karatu da rubutu duk na haye. Amma da aka shigar da ni ɗaki daga ni sai mai jarrabawa, ya kunna na'urar ɗaukar murya ya fara tambaya, sai na koma 'yar gidanmu sak. Ya ce ina son garin da nake zaune? Na ce e. Ya ce me ya sa? Na ce garin lafiya lau ne. Ya yi shiru yana jira, ni ma na yi shiru ina jira. A ganina na amsa, kuma cikin ladabi, don mu an raine mu ne a kan idan babba ya tambaye ka, ka ba shi amsa ka ja bakinka. Ashe shi mutumin surutu yake so, ni kuwa ina ta yi masa tarbiyya.

Da na dawo Funtua na koma bakin aiki a asibiti, wata abokiyar aikina ta haɗa ni da wata tsohuwar malamar sakandare da ta yi ritaya. Kirista ce, 'yar wajen Malumfashi, a hannun 'yan mishan ta yi karatu, in tana Turanci sai ka ɗauka rediyo aka kunna. Malama kawai nake ce mata. Ranar farko ta saurare ni na ɗan lokaci, ta zare tabarau ta ce, “Ke ba Turanci ne ba ki iya ba, rowar magana gare ki. Tukunya tana zama a kan dutse ɗaya? In an tambaye ki, ki ba da amsa, ki kawo dalili, ki ɗora misali. Sannan nahawunki yana ɗingishi, sai ki fara labarin jiya ki ƙarasa shi a yau.”

Na ji haushin maganar, don ni ba na son a faɗa mini gaskiya gatsau, amma na shanye. Tsarinta mai sauƙi ne. Za ta turo mini tambaya ta waya, in ɗauki muryata ina amsawa na minti biyu ba tsayawa, in tura mata. Sai ta dawo mini da kurakurai, in sake, ta sake gyarawa, har amsar ta fita tas. Mun yi ta kasuwa, mun yi ta damina, mun yi ta abincin da na fi so. Ni da ban taɓa tunanin akwai dalilin son tuwon masara ba sai ga ni ina kawo dalilai har da misali. A hankali bakina ya fara sakewa.

Wata rana ta turo tambayar da ta tsayar da ni. Wai in yi magana a kan mahaifiyata, da wani abu da muke yi tare ni da ita.

Ni ce 'yar fari. A wajenmu uwa tana kunyar ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa, ba ta nuna wa mutane ta damu da shi. Wasu matan suna sassautawa idan yaro ya girma. Mahaifiyata ba ta cikinsu. Ana yaye ni kakata ta ɗauke ni daga ƙauyenmu da ke bayan Tsiga ta tafi da ni Malumfashi, na tashi cikin ƙannen mahaifiyata. Su kam Yaya suke ce mata, ni ma na tashi ina ce mata Yaya, alhali ƙannena Inna suke kiranta. In na zo hutu gida, ba ta yi mini magana kai tsaye. Sai dai ta ce da wanda ke kusa, “A ce wa ta Malumfashi ruwan wanka ya yi zafi.” Da na fara aiki na sami ƙarin girma, na koma malamar asibiti a bakinta. In kuwa babu kowa a kusa, sai ta faɗa wa iska, ni kuma in tsinta.

Na san ba ƙiyayya ba ce. Kowa ya san haka, ni ma na sani. Tsokar da ta fi girma a kwanona nake samunta, a binne ƙarƙashin miya. Masarar farko da ta nuna a gona, ɗan acaɓa ake ba wa ya kai mini har Funtua, ba tare da an ce daga wa ba. Amma in na ce abin bai taɓa ci mini rai ba na yi ƙarya. Ina yarinya, in na zo hutu, duk Juma'a da hantsi takan shimfiɗa tabarma ta yi wa ƙannena mata kitso, kansu a cinyarta, suna ta zuba mata shirme tana dariya. Ni kuwa sai a ba ni kuɗin kitso a tura ni maƙwabta. Ban taɓa faɗa wa kowa ina jin zafin wannan ba, don abin dariya ne a ce 'yar fari tana kishin ƙannenta a kan uwa.

Na ɗauki waya na faɗi gaskiya iya yadda Turancina ya kai. Na ce mahaifiyata manomiya ce, tana da kirki, amma ba ma magana. Na yi ƙoƙarin bayyana dalili, na sarƙe, na rasa kalmar kunya irin tamu a Turanci, na tsaya tun lokaci bai yi rabi ba. Malama ta kira ni tana dariya har da tari. Ta ce, “Ni ma ɗan farina sai da ya yi aure na iya kallon tsabar idonsa, na san abin da kike nufi. Amma Bature zai ɗauka faɗa kuke yi, bayanin kuma zai jefa ki cikin nahawun da ya fi ƙarfinki. 'Yata, ba gaskiya ake dubawa a ɗakin nan ba, Turanci ake dubawa. Ki shirya labari mai sauƙi, babu wanda zai biyo ki gida ya bincika.”

Shawarar daidai ce, har yau ban ga laifinta ba. Ni ce na san inda na je na ɗebo labarin. Na ɗauki Juma'o'in ƙannena na mayar da su nawa. Na ce duk Juma'a mahaifiyata tana yi mini kitso, kaina a cinyarta. Dalilin da nake son ranar, na ce, shi ne lokacin ne muke hira mu biyu. Misali kuma, na ce takan yi mini waƙa tana shafa mini man kaɗanya, ta yi mini nasiha, ta ce tana alfahari da ni. Minti biyu suka cika ban sani ba. Malama ta ce wannan ce amsa mafi kyau da na taɓa bayarwa, saura gyaran yadda ake faɗin abin da aka saba yi a da, don a nan nake ta tuntuɓe. Ta ce in yi ta maimaitawa da ƙarfi har harshena ya saba.

Na yi ta maimaitawa kuwa. Kowane zagaye sai na ƙara wani abu, yau launin tabarmar, gobe inuwar da muke zama. Abin da ya fi ba ni kunya yanzu shi ne daɗin da na riƙa ji. Ina faɗi ina murmushi ni kaɗai, kamar mai tuna abin da ya faru. Kuma don a ji takaici, daga baya da na sake zama jarrabawar na ci, tambayar uwa ko fitowa ba ta yi ba, a kan motocin haya aka tambaye ni.

Ana saura 'yan makonni jarrabawar na ɗauki hutu na tafi ƙauye, don in sami sarari in yi bita, kuma in zauna da su tun kafin tafiya ta taso. Lokacin kaka ne. Tun rasuwar mahaifinmu ƙannena maza ke riƙe da gonakin, shekarar kuma masara ta yi albarka, an jibge ta a tsakar gida har ba wajen taka ƙafa. Ƙanwata mai bi mini, wadda ke koyarwa a firamare a Bakori, tana gida wankan jego. Ita da mahaifiyarmu kamar ƙawaye suke, su yi gulma tare, su yi faɗa, su shirya. Baki gare ta kamar reza, kuma Turancinta ba laifi.

Ni ban kawo komai a raina ba. A ƙauyen nan in kana Turanci kamar a ɗaki kake ka kulle ƙofa, haka na ɗauka. Kullum bayan la'asar sai in zagaya gefen rumbu, inda waya ta fi samun sabis, in yi ta kai da kawowa ina amsa tambayoyina da ƙarfi. Ran nan mata suna zaune suna ɓarar masara, mahaifiyata da ƙanwata da matan ƙannena da wata maƙwabciya, ni kuma ina kan labarin kitso, ina ta nanata wurin da Malama ta gyara. Sai na ji muryar mahaifiyata ƙasa-ƙasa tana tambayar ƙanwata.

“Wai mi malamar asibiti ke ta faɗi ne? Tun jiya nike jin tana mama, mama.”

Da na yi tari a lokacin, ko na kira ƙanwata, da an wuce wurin. Amma na tsaya ƙiƙam da waya a hannu. Ƙanwata kuwa dama cike take, ta daɗe tana saurarena tana danne dariya.

“Inna, ai labarinki ne! Wai duk Juma'a ke kike mata kitso, kanta a cinyarki. Wai har waƙa kike mata kina shafa mata man kaɗe. Ku yi ta hira ku biyu, ki ce kina alfahari da ita.”

Matan suka tuntsire da dariya. Maƙwabciyar har da tafa hannu, tana cewa wannan uwa a wace kasuwa aka sayo ta, ita ma a sayo mata irinta. A wajensu abin raha ne, kamar a ce an ga liman yana rawa. Mahaifiyata ba ta yi dariya ba. Ta ci gaba da ɓare masarar da ke hannunta, ta jefa ta kan tsibi, sannan ta ce, “Wa za a faɗa wa?”

“Bature mana, mai jarrabawa.”

Ta ce, “To.” Ta ɓare wata, ta ɓare wata, sannan ta tashi ta ce za ta duba awaki. Awakin kuwa suna nan a ɗaure a gaban kowa suna cin ɓawon masara.

Na ja ƙanwata ɗaki na sauke mata kwandon masifa. Na ce mata mai bakin tsiya, wadda ba ta san abin da ake faɗi da wanda ake haɗiyewa ba. Ta bari na gama, tana jijjiga jaririnta, ta ce, “To ni na ce ki yi ƙarya? Da bakinki kika faɗa a tsakar gida, ni tafinta kawai na yi.” Gaskiya ta faɗa. Magana zarar bunu ce, kuma ni na zara.

Abin da ya dame ni shi ne na san mahaifiyata ta gane. Sauran matan sun ji tatsuniya. Ita kuwa ta san tabarmar, ta san Juma'ar, ta san wace yarinya ce ake miƙa wa kuɗi a tura ta maƙwabta. Abin da na ɓoye tun ina ƙarama na zo na shanya shi a gaban surukanta da maƙwabta. Kuma abin da ta ji shi ne, da aka ce in faɗi wace ce uwata, sai na ajiye ta gefe na ƙago wata. Matar nan iyakar abin da ta yi shi ne ta riƙe abin da uwarta ta koya mata, ta riƙe shi da kyau, har ana misali da ita a dangi.

Na so in ba ta haƙuri, amma ta wace ƙofa? Ban taɓa zama na yi mata doguwar magana ba. Sai na ari hanyarta. Washegari tana tankaɗe a bakin madafa, na tsaya kusa na ɗaga murya ina ce wa ƙanwata, “Ai jarrabawar nan ba ruwanta da gaskiya. Kowa shirya labari yake yi, malamata ma ita ta ce in shirya.” Mahaifiyata ba ta ɗago ba. Ta ce, “Ki ce wa malamar asibiti ba a yi komai ba.” Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Kwanakin da suka biyo baya ba abin da ya canja a ido. Ruwan wanka yana zafi, tsoka tana ƙarƙashin miya. Sai dai ta rage hira har da ƙanwata, in na fito tsakar gida kuma sai ta sami abin yi a ɗaki. Na daina labarin kitso, na koma tura wa Malama amsoshi a kan kasuwa da babura. Ta ce me ya same ni, amsoshina sun sake gajarta, nahawun da muka gyara ya koma gidan jiya. Na ce mata gajiyar kaka ce.

Juma'ar ƙarshe kafin hutuna ya ƙare, ƙanwata ta riga ta yi arba'in. Tun da safe mahaifiyata ta matsa mata lallai ranar za ta fara yawon arba'in, ta kai jariri gidajen dangi a Tsiga, ta kuma ce matan ƙannena duka su raka ta. Mazan dama sun yi gaba, daga gona za su wuce masallaci. Yaran gidan ta kora su gidan maƙwabta. Kafin hantsi ya ɗaga gidan ya yi tsit, daga ni sai ita sai kaji. Ina ɗaki ina haɗa kaya na ji ta tura ƙyauren zaure ta sa sakata, abin da ba a yi da rana.

Sai na ji an ce, “Ke.”

Na ɗauka da akuya take. Ta sake cewa, “Ke. Fito.”

Na fito. Ta shimfiɗa tabarma a inuwar rumbu, ta zauna ta miƙe ƙafafu, ga mataji da kibiya da ɗan gwangwanin man kaɗanya a gefenta. Ba ta kalle ni ba, tabarmar take kallo. Ta ce, “Cire ɗankwalin.”

Na ce, “Yaya, don Allah ki bari. Wallahi ba haka nake nufi ba.”

“Kwanta.”

Na kwanta, ni da nake ba ɗalibai umarni a asibiti, na ɗora kaina a cinyarta. Jikinta a sandare yake, nawa ma haka. Tana warin hayaƙi da sabulun wanki. Ta tsefe tsohon kitson, ta taje, ta fara tsaga. Hannunta ya yi kaushi da aikin gona, idonta kuma ya rage gani, sai ta tsaga ta goge ta sake. Tana ja da ƙarfi har idona yana kawo ruwa, na ji daɗin hakan don ya ba ni abin fakewa. Can ta tsaya da kibiya a tsakiyar kaina ta ce, “Ashe har furfura kin fara.”

Na ce, “E.”

Ta ci gaba. Ta gama gefe ɗaya, ta juya kaina da hannu biyu kamar mai juya ƙwarya. Sai ta ce, “An ce har waƙa nike yi. Wannan ba zan iya ba.”

“Yaya, ba sai kin yi ba.”

“An ce da nasiha.” Hannunta ya tsaya cak, na ji tana neman abin faɗi. Da kyar ta ce, “Can inda za ki, ki riƙa cin abinci. Ba ki ci sosai.”

An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Tawa ta yi. Na sa tsohuwa ta kulle gidanta da rana tsaka, ta kori kowa kamar mai shirin sata, ta taka abin da ta riƙe tun tana amarya, don kawai na nemi maki a wajen wanda bai san tana duniya ba. Kuma ga ni kwance ina jin daɗin cinyar, ba na so a gama. Ban san wanne ya fi ci mini rai ba a cikin biyun.

Ta kitse na ƙarshe, ta lakato mai ta bi tsagogin ɗaya bayan ɗaya. Shuku ne, ya karkace gefe guda, na ji da hannuna. Ta tattara gashin da ya zube ta dunƙule a tafin hannu. Na yunƙura zan tashi, sai ta ɗan danna kaina, alamar ba ta gama ba.

Ta ce, “Yanzu in Baturen ya tambaye ki, sai ki faɗa da gaskiyarki. An yi.”

Na kai hannu na sake shafa kitson.

“Sauran Juma'o'in kuma,” ta ce, “sai ki yi haƙuri.”

Ni ya kamata in faɗi wannan kalmar, ita ta riga ni. Kafin in haɗa abin da zan ce ta zame cinyarta, ta tashi tana dafa rumbu, ta je ta zare sakatar zaure kada mutane su dawo su tarar da ƙofa a kulle.